Tayar da Take Kuka

Sadisu mutum ne mai baki. Ba mugu ba ne, shi dai irin mutanen nan ne da in magana mai ban dariya ta zo musu kan harshe, ko gaban surukinsu ne sai sun sake ta. A kasuwar Kuje, inda yake da rumfar takalma, kowa ya san shi da haka, kuma ana son sa a kan haka. Abu biyu yake ji da su a duniya, matarsa Juwairiyya da jan mashin ɗinsa. In ka tsare shi da tambayar wanne ya fi samun kulawa, sai ya yi dariya ya sako wani zancen.

Kullum da safe shi yake kai ta kasuwa. Tana da shagon ɗinki a layin 'yan manja, jikin rumfar Justina mai garin rogo. Tun haihuwar 'yarsu Bilqis jikinta ya buɗe, ta yi ƙiba, abin kuma yana damunta ko da ba ta furta ba. Duk mai ido zai gane, don ta daina tsayawa gaban dogon madubin shagonta, sai dai ta tsayar da masu gwada kaya. Sadisu yana da ido, amma bakinsa ya fi idonsa sauri.

Ita ta fara jin kukan mashin ɗin. Wata safiya cikin damina suna gangarowa ta jar hanyar unguwarsu, yana tafiya a hankali yana kauce wa ramuka kamar yadda ya saba in yana ɗauke da ita, sai ta taɓa kafaɗarsa.

"Baban Bilqis, ka ji kuwa? Taya na wani gurnani."

Ya kasa kunne. Lalle akwai wani abu, gur, gur, gur, can ƙasa-ƙasa, kamar ana niƙa a gidan maƙwabta. Ya ce taɓo ne, in an wanke zai daina. Ranar Juma'a ya kai mashin wajen masu wankin mota kamar kullum, ya tsaya a kansu suka fesa masa ruwan inji har sai da kowane ƙarfe ya yi ƙyalli. Kukan bai daina ba. Ta sake yi masa magana, ya ce ya ji. Ta kuma yi, ya ce ai ya ce ya ji.

Ranar da abin ya faru, sun iso layin 'yan manja mata sun gama shimfiɗa kaya. Juwairiyya ta sauka tana gyara mayafi, ta ce da shi, ba da ƙarfi ba, amma dai kunnen kasuwa ya ji:

"Don Allah yau ka kai shi wajen Dominic. Kukan nan ƙaruwa yake, ni tsoro nake ji."

Dominic shi ne bakaniken da ke gyara masa mashin. Sadisu ya ji kamar an ce ɗansa ƙazami ne a bainar jama'a. Ga mata sun ɗago kai suna kallo, ga magana ta zo masa kan harshe da ɗuminta. Ya kashe mashin ya shafa tankin.

"Wane Dominic kuma? Ni in na hau ni kaɗai, ko tari ba ya yi. Ku duba min fa, jama'a, bawan Allah yana ɗauke da buhu biyu a kujera ɗaya, ba dole ya yi kuka ba?"

Layin ya kaure da dariya. Justina har da dukan cinya, tana share hawaye da gefen zane.

"Kai, oga Sadisu, ba ka da kyau! Madam Buhu-biyu, ka ji mijinki?"

Justina ba da mugunta ta faɗa ba, ita da Juwairiyya kwano ɗaya suke ci. Amma suna in ya yi daɗin faɗa, a kasuwa ba ya kwana wuri ɗaya. Juwairiyya ma ta yi murmushi, ta buɗe kwaɗon shagonta ta shiga. Sadisu ya ja mashin ya wuce rumfarsa yana jin daɗin kansa, har ya maimaita wa maƙwabcinsa mai jakunkuna.

Da yamma ya zo ɗaukarta, ta ce aiki ya yi mata yawa, ya yi gaba. Washegari kafin ya fito daga wanka ta goya Bilqis ta kama hanya da ƙafa. Da ya tambaya, ta ce an ce tafiya tana da amfani ga jiki. Haka aka wayi gari kujerar baya ta zama ba kowa, sai kwalin takalma wani lokaci.

To, a nan ne mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Sadisu kuwa sai ya ƙara gishiri. Shi in shi kaɗai ne a kan mashin ba ya wasa, ya toshe kunnuwa da abin jin waƙa na waya, ya murɗa hannu, iska na kaɗa masa riga. Bai ƙara jin gurnanin ba, ya kuwa ɗauka hujja ta fito. Wata rana suna zaune a tsakar gida ya ce mata:

"Kin ga abin da na gaya miki? Tun da kika daina hawa, shiru kake ji."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Ta ci gaba da tsince shinkafa.

Ya lura ta rage cin abinci. Tuwon da take yanka wa kanta bai fi na Bilqis ba, da safe kuma ruwan zafi ne da lemon tsami. Ya lura da jan taɓo a bakin zanenta, da yadda take jiƙa ƙafafu a ruwan ɗumi in ta dawo. Ya ji da kunnensa mai kifi ta ƙwala mata sunan nan daga tsallaken layi, ya kuma ga ta amsa. Duk ya gani, ya ce a ransa sha'anin mata ne, zai wuce. Abin da ya fi ba shi kewa shi ne hirar hanya, don a kan mashin ɗin nan suke yanke duk wata shawara ta gidansu, tana magana a bayan kunnensa yana gyaɗa kai. Amma bai taɓa haɗa kewar da bakinsa ba.

Makonni suka shuɗe. Wata rana da azahar yana dawowa daga duba wani abokinsa a wajen gari, mai ya ƙare masa. Ya girgiza tanki, ya kwantar da mashin gefe ɗaya ya tayar, inji bai ce uffan ba. Ya zare abin kunne ya cusa a aljihu, ya kama turi. Hanya shiru, gonakin masara dama da hagu, ba ka jin komai sai takun takalminsa.

Gur, gur, gur.

Ya tsaya, kukan ya tsaya. Ya tura, kukan ya dawo, ya ma fi na da kauri, har da wani ƙas-ƙas a ƙarƙashinsa. Sadisu ya waiwaya ya dubi kujerar baya. Ba Juwairiyya, ba kwali, shi kansa mai mashin a ƙasa yake.

Mutum ba ya rasa abin da zai kare kansa da shi. Ya ce sarƙa ce ta bushe. Ya tsuguna ya taɓa, ga mai nan a jikinta har ya baƙanta masa yatsa. Ya ce to birki ne yake gogawa. Ya ce ko dutse ne ya maƙale. Da dabaru suka ƙare sai ya ce ai ko ma mene ne, nauyin da aka ɗora wa tayar baya tun can ne ya lalata ta, yanzu abin yake fitowa. Wannan tunanin ya riƙe gam har ya iso gindin mangwaron da Dominic yake aiki, jiƙe da gumi.

Dominic ɗan asalin yankin ne, Bagwari, mai gona a bayan gari da garejin mashin a bakin hanya. Ba shi da yawan magana, Hausarsa kuma ba ruwanta da mace ko namiji. Ya goge hannu da tsumma ya miƙe.

"Oga Sadisu, yau kai ne kana ɗauke da mashin?"

"Mai ne ya ƙare. Amma duba min tayar baya, tana wani kuka. Baya fa, na san matsalar."

Dominic bai yi musu ba. Ya ɗora mashin a kan babbar ƙafarsa, tayar baya ta tashi daga ƙasa. Ya juya ta da hannu ya saurara. Ya duba sarƙa, ya taka birki ya saki, ya sake juyawa. Sannan ya kama tayar sama da ƙasa ya jijjiga ta gefe da gefe, ko motsi ba ta yi ba. Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya dafa bakinta a kan ƙarfen da ya ratsa tsakiyar tayar, ya manna kunnensa a ƙotar, ya sa Sadisu ya juya. Ya daɗe yana saurare.

"Baya ba shi da laifi," in ji shi. "Boris ɗinsa lafiya lau, kamar jiya aka sa."

"Sake dubawa dai."

"Na duba, oga. Hau nan ka zauna, can ƙarshe, wurin madam. Ina so gaba ya tashi."

Sadisu ya hau ya zauna a inda Juwairiyya take zama. Bai taɓa zama a wurin ba. Ya ga ashe daga nan ba a ganin hanya sosai, sai bayan wanda ke tuƙi. Da nauyinsa ya sauka, bayan mashin ya yi ƙasa, tayar gaba ta ɗaga sama tana lilo.

"Ka gani," in ji Dominic yana tsugunawa, "in mutum ya zauna baya, gaba hutawa yake yi."

Ya faɗe ta ne kawai a matsayin maganar aiki, ko kallon Sadisu bai yi ba. Ya murza tayar gaba. Gur, gur, gur, ba sai an nemi sukudireba ba, har mai sayar da rake a gefe ya waiwayo. Ya kama ta ya jijjiga, ta amsa ƙas, ƙas, tana rawa a kan ƙarfenta. Sadisu yana jin girgizar tana bin jikin mashin har cinyoyinsa.

Aka tokare mashin da kututture, Dominic ya kwance tayar ya buge boris ɗin ya fito da shi. Boris wani zoben ƙarfe ne mai 'yan ƙwallaye a ciki, a kansa taya take juyawa, kuma cikin giris ya kamata ya zauna. Wannan babu ɗigon giris a jikinsa. Tsatsa ce jawur, da wani ruwa mai kalar shayi da ya zubo a tafin Dominic. Da ya girgiza shi sai ya yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani.

"Kana kai shi wankin inji?"

"Duk Juma'a."

"Suna fesa nan tsakiya?"

Sadisu da bakinsa yake ce wa masu wankin su matsa bakin tiyo daidai cibiyar taya, don nan taɓo yake maƙalewa.

"Ruwan inji yana da ƙarfi," in ji Dominic. "Yana tura robar da ta rufe boris ya shiga, ya kore giris, shi ya zauna. Wannan ya daɗe yana kuka. In ya kama kana kan gudu, tayar gaba ne fa, ba a magana. Allah ya taimake ka. Ba ka ji shi tun da?"

"Maman Bilqis ta ji."

"Kunnensa yana da kyau."

Dominic ya tafi shagon gaba ya kawo sabon boris, ya bar Sadisu a kan benci da tsohon a hannu. Tambaya ɗaya ta rage masa, ita ce ya so ya ɓuya a bayanta: to me ya sa sai Juwairiyya tana kan mashin yake jin kukan? Bai kai ga yi wa kowa ita ba, amsar ta zo masa da kanta. In yana ɗauke da ita a hankali yake tafiya, kunnuwansa a buɗe don yana sauraron hirarta. In shi kaɗai ne, gudu da iska da waƙa. Kukan bai taɓa zuwa ko'ina ba. Duk safiyar da ta taka taɓo da goyo a baya, shi yana wuce ta a kan tayar da ke shirin kifar da shi, yana murna ya rabu da matsala.

Kunya ta kama shi, irin wadda take sa mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ya tuna tuwon nan ɗan mitsitsi. Ya tuna yadda ta ce tsoro take ji, kuma ba don kanta kaɗai ta faɗa ba. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ma san abin da ke ransa, amma ji yake kamar duk masu wucewa a hanya sun sani.

Dominic ya cika sabon boris da giris, ya mayar da taya, ya murza. Ta yi ta juyawa shiru har ta gaji ta tsaya don kanta. Ya tsiyaya masa ɗan mai daga galan, ya ce ya riƙa wanki da bokiti da tsumma.

"Sai ka gaida Madam Bu..." Ya katse, ya sunkuya yana tattara sifanu. "Ka gaida Maman Bilqis."

Ashe har gindin mangwaron nan sunan ya iso. Sadisu ya ƙulle tsohon boris a leda ya sa a aljihu.

Bai nufi rumfarsa ba, layin 'yan manja ya wuce kai tsaye. A hanya ya yanke shawara cewa tun da a gaban mutane ya ɓata, a gaban mutane zai gyara. La'asar ta yi, hadari yana haɗowa daga gabas, mata sun fara rufe kaya da leda. Juwairiyya tana kan keken ɗinki, Bilqis na barci a tabarma. Ya tsaya a ƙofar shagon ya ɗaga murya.

"Justina, Maman Cynthia, ku zo ku ji. Maganar da na yi rannan a kan mashin, ƙarya na yi. Ga abin da yake kuka." Ya kwance leda ya ɗaga boris ɗin sama. "Na tayar gaba ne ma, ba na baya ba. Ni na lalata shi da wanki. Ita ba ruwanta, ita ce ma ta fara ji ta gaya min."

Matan suka matso suna murmushi tun kafin ya gama. Sadisu ne fa. Shekara da shekaru bai taɓa buɗe baki a layin nan ba sai da abin dariya a ƙarshe, don haka suka tsaya jiran ƙarshen. Da suka ga ya yi shiru yana riƙe da ɗan ƙarfe mai tsatsa, fuska a murtuke, sai suka ɗauka wannan ɗin ne wasan, suka fashe.

"Madam Buhu-biyu, fito!" in ji Justina. "Kotu ya wanke ki! Oga ya kawo shaida!"

"Wallahi da gaske nake," in ji Sadisu. "Ku daina kiranta haka, don Allah."

"To wa ya raɗa sunan?" wata ta tambaya daga baya, aka sake kwashewa.

Keken ɗinki ya tsaya. Juwairiyya ta taso ta zo bakin ƙofa, ba ta dubi matan ba, shi ta duba. A kusa haka ya ga yadda wuyanta ya faɗa, idanunta sun zurma.

"Baban Bilqis, ya isa," ta ce a hankali. "Ka sake tara min mutane."

Ya sauke hannunsa. Bai taɓa jin ya ƙanƙance irin na wannan lokacin ba, ga shi tsaye da boris a hannu ya rasa ko aljihu zai mayar ko yarwa zai yi. Matan suka watse suna ƙananan dariya, kowace ta koma ɗaure kayanta. Ya jingina da mashin ya jira, bai ƙara cewa komai ba, wanda a wajen Sadisu ba ƙaramin abu ba ne.

Ta gama kalmasa rigar da ke kan keke, ta ninke, ta share zare, ta goya Bilqis, ta kulle shago. Iska ta fara ɗaga ledoji, an soma yayyafi. Ta dubi sama, ta dubi hanyar da ta saba bi da ƙafa.

"Ki yi haƙuri," in ji shi, wannan karon ita kaɗai ta ji. "Ki yafe min. Ki hau mu tafi, ruwa zai dake ku."

"Na yafe," ta ce. Ta matso ta tsaya a gefen mashin, ta ɗora tafin hannu a kan kujerar baya ta ɗan danna, kamar mai gwada gadon da ba ta yarda da ƙafarsa ba. "Ka tabbata zai iya?"

Ya nemi alamar gatse a fuskarta, don da gatse ne da ya ji sauƙi. Babu. Tambaya take yi tsakani da Allah.

"Zai iya. Dama can yana iyawa."

Ta hau. Ya tayar, suka fita daga kasuwa a hankali, suka kama jar hanya. Tayar gaba tana tafiya sumul, ba gurnani, ba ƙas-ƙas. Sai dai mashin ɗin bai zauna ba yadda ya san shi in tana kai, bayansa bai yi ƙasa ba. Da suka faɗa ɗan rami ya gane dalili. Ta tokare ƙafafunta a kan matakai ta ɗage jikinta, da goyo da komai, kujerar kawai take shafa. Yana jin gwiwoyinta suna rawa a gefensa.

"Maman Bilqis, zauna sosai."

"Na zauna," in ji ta.

Ya ƙara rage gudu. Gida da sauran nisa, ruwa yana ƙaruwa, gwiwoyinta kuma ba su daina rawa ba.